Gidan Rediyon Al'umma a Ma'aunin Waƙafi: Wa Ke da Ikon Neman Lissafi?

Babu gidan rediyon al'umma ko ɗaya a Madina. Tun daga 1949, lokacin da aka fara watsa shirye-shirye daga Jidda a zamanin Sarki Abdul'aziz, harkar rediyo a Saudiyya a hannun hukuma take. Tashoshin FM masu zaman kansu da suka zo daga baya na manyan kamfanoni ne, kuma ba a buɗe wata ƙofa ta uku da unguwa ko ƙungiyar jama'a za ta bi ta mallaki tasha ba. Amma birnin cike yake da masu sauraron rediyo da Hausa. Akwai jikokin waɗanda suka yi hijira zuwa gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato aka kuma gwabza yaƙin Burmi a 1903, al'ummar da Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Futi, ya zame wa jigo har Allah ya yi masa rasuwa a Madina a 1931. Akwai ɗaliban Jami'ar Musulunci, wadda aka kafa a 1961, ga 'yan kasuwa da 'yan ƙwadago, ga alhazai masu zuwa ziyara.

Can cikin dare, a shagunan dabino da carbi da ke nesa kaɗan da Harami, ba abin mamaki ba ne a ga wayar hannu an jingine ta da kwalin ajwa, muryar mai gabatar da shirin Inda Ranka na fitowa daga Freedom Radio ta Kano, mai shago yana auna wa baƙo kilo ɗaya alhali kunnensa na can gida. Da an taɓo maganar ƙaramar hukumarsu sai ya ajiye ma'auni, ya naɗi saƙon murya ya tura. Idan ya taki sa'a, gobe a saka muryarsa a ji shi har ƙauyensu. Iyakar ikonsa ke nan. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka, Sashen Hausa da ke magana tun 1979 ya yi tsit dare ɗaya. Masu sauraro daga Maraɗi har Madina babu wanda aka shawarta, kuma babu ƙofar da za su je su ƙwanƙwasa.

Domin maganin irin wannan rashin iko aka ƙirƙiro gidan rediyon al'umma: tashar da ba ta gwamnati ba, ba kuma ta neman riba ba, wadda jama'ar da ke sauraronta su ne masu ita. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, wannan mallaka ba ta tabbata da jin muryar mai sauraro a iska, kuma jefa ƙuri'a kaɗai ba ya isar da ita. Tana tabbata ne ranar da mai sauraro ya sami ikon neman lissafi, da ikon sauke wanda aka damƙa wa amana idan ya ci ta. Kuma Madina, duk da ba ta da irin wannan tasha, tana riƙe da tsohon tsarin da ya daɗe da yi wa wannan matsala tanadi, wato waƙafi.

Rediyo ya shigo ƙasar Hausa ne daga sama. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya bayyana yadda gwamnatin mulkin mallaka ta kafa rediyon waya a Kano a 1944, aka rataya lasifika a wuraren taruwar jama'a, akwatin da mai sauraro ba shi da ikon canza masa tasha. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, Hausawa suka rungume shi hannu biyu-biyu. Shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka suka haifar da ƙungiyoyin masu sauraro masu shugabanni da sakatarori, masu sayen katin gaisuwa, masu ziyartar juna daga gari zuwa gari, har aure ya ƙullu a tsakanin wasu. Ba na raina wannan zumunci ko kaɗan; ya gina wata al'umma ta gaske wadda ta ƙetare iyakar Najeriya da Nijar da Kamaru da Gana. Sai dai waɗannan ƙungiyoyi ba su taɓa zaɓen manajan tasha ba, ba su taɓa ganin kasafin kuɗinta ba. Hatta lokacin da tafsirin watan azumi ya zama fagen ja-in-ja tsakanin mabiya Sheikh Abubakar Gumi da 'yan ɗariƙa, har aka zo ana watsa na Sheikh Ɗahiru Bauchi shi ma, a ofisoshin manya aka yanke yadda za a raba lokacin.

Jamhuriyar Nijar ta ɗan matsa gaba da wuri. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda mutanen ƙauye ke taruwa su saurari shiri a kan noma ko kiwon lafiya, su tattauna, jami'i ya naɗi bayanansu a aika Yamai a haɗa sabon shiri da su. A zamaninsa wannan babban ci gaba ne, domin talaka ya ji muryar talaka ɗan'uwansa tana fitowa daga akwati. Amma wanda ya zaɓi batun tattaunawa, da wanda ya tace abin da za a watsa, duk ma'aikatan hukuma ne.

Masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya nuna a 1970 cewa wanda bai gamsu da wata hukuma ko kamfani ba, hanya biyu gare shi: ko ya fice, ko ya ɗaga murya. A birni irin Kano, mai tashoshi barkatai, ficewa ba ta da wuya, murɗa akwati kawai za a yi. A ƙauyen da tasha ɗaya ce tal take magana da harshen mutane a kan farashin gero a kasuwarsu, babu wurin ficewa. Murya ce kaɗai ta rage. Muryar da babu wanda ya wajaba a kansa ya amsa ta kuwa, sunanta koke, kuma mai iko yana iya saurarenta shekara da shekaru bai canza komai ba.

Daga ƙarshen ƙarnin da ya wuce ne tashoshin al'umma suka fara tsiro a Afirka ta Yamma. Mali ta buɗe gidan rediyon karkara na Kayes a 1988. A Gana, Radio Ada ta fara aiki a 1998. A Nijar, tashar Bankilare da ke yammacin ƙasar, mai aiki da hasken rana, ta kama aiki a 1999, kuma a yau irinta sun haura ɗari a faɗin ƙasar, da dama daga cikinsu a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Yarjejeniyar Afirka kan watsa shirye-shirye da aka amince da ita a Windhoek a 2001 ta nemi kowace ƙasa ta tanadi gida uku: na jama'a baki ɗaya, na kasuwanci, da na al'umma. Najeriya ce ta yi nawa. Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta kafa hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, amma sashe na 39 na tsarin mulki ya bar amincewa da mallakar tasha a hannun shugaban ƙasa. Tashoshin jami'o'i aka fara bai wa dama. A 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da sanarwar sakar wa NBC mara ta ba al'ummomi lasisi, amma sai a 2015, gab da saukarsa, aka amince da guda 17 na farko a ƙasa mai ƙananan hukumomi 774.

A takarda, tsarin mulkin irin waɗannan tashoshi kusan iri ɗaya ne ko'ina: babban taron 'yan ƙungiya shi ne uban gayya, shi ke zaɓen kwamitin gudanarwa, kwamiti ya naɗa darakta. A aikace kuwa, sai a bi sawun kuɗi. Ƙaramar tasha a karkara tana rayuwa ne da kuɗin sanarwar ɗaurin aure da suna da rasuwa, da cigiyar akuyar da ta ɓata ranar kasuwa, da katin gaisuwa, sai kuma kwangilar shirye-shiryen wayar da kai da ƙungiyoyin agaji ke kawowa. Masu gabatar da shiri galibinsu 'yan sa-kai ne. Mace ta zo da ɗari biyar ɗinta a ƙulle a bakin zane ta ba da sanarwar sunan jikarta, wani yaro ya karɓa ya rubuta a bayan takardar da ta samu, rasiɗi babu. Ranar da batir ya mutu ko tsawa ta ƙona na'urar watsawa, asusu wayam. Daga nan sai magajin gari, ko ɗan majalisa, ko wani attajiri, ko shugaban wata ƙungiyar addini ya ce a bar masa, zai gyara. Ya gyara kuwa, Allah ya saka masa. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: daga ranar nan akwai labarin da tashar ba za ta ƙara ɗauka ba, akwai malamin da ba za a ƙara gayyata ba. Babban taro kuwa, idan shekara ta zagayo ba a kira shi ba, ta biyu ma ta wuce, kwamitin riƙo sai ya zama gadon gida. Babu juyin mulkin da aka yi, babu wanda ya karya ƙofa. Tashar dai ta sulale daga hannun masu ita, suna ji suna gani, suna ma ci gaba da aiko da gaisuwa.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce a ba masu sauraro ƙuri'a. An gwada wannan sosai a Amurka, kuma ya kamata a duba sakamakon da idon basira. Gidauniyar Pacifica, wadda Lewis Hill ya jagoranci kafawa, ta buɗe tashar KPFA a garin Berkeley a 1949 bisa ƙa'idar cewa masu sauraro ne za su ɗauki nauyinta da gudummawarsu, ba 'yan talla ba. Daga baya tashoshinta suka kai biyar. Rabin ƙarni ana haka, masu sauraro na biya, amma ba su da ƙuri'a wajen zaɓen kwamitin ƙoli. A 1999 rikici ya ɓarke, shugabanni suka garƙame KPFA suka hana ma'aikata shiga, dubban mutane suka fito zanga-zanga, aka dunguma kotu. Sulhun da aka yi a ƙarshen 2001 ya kai ga sabon tsarin mulki a 2003: duk wanda ya ba da dala 25 a shekara, ko ya yi aikin sa-kai na awa uku, ya zama ɗan ƙungiya mai ƙuri'a. A ƙarƙashin wannan tsari na 2003, a kowace tasha masu sauraro na zaɓen wakilai 18, ma'aikata na zaɓen 6, daga cikinsu kuma ake tura wakilai kwamitin ƙoli.

Wannan nasara ce ta gaske, domin ta toshe hanyar da wasu tsiraru za su sayar da tasha a ɓoye. Amma ba ta kawo zaman lafiya ba, ba ta kuma gyara asusu ba. Tsarin ya gindaya cewa sai kashi 10 cikin ɗari na masu sauraro 'yan ƙungiya sun jefa ƙuri'a zaɓe zai inganta, kuma an sha ƙara wa'adin zaɓe domin a cika wannan ɗan adadin. Inda mafi yawa suka yi zamansu a gida, ɓangarori masu tsari su ke cin kujeru, sai taron kwamiti ya koma fagen daga. Zaɓen kansa yana lashe kuɗi. A 2017 kotu ta yanke wa Pacifica hukuncin biyan bashin kimanin dala miliyan 1.8 na hayar wurin da eriyar tasharta ta New York, wato WBAI, take a kan benen Empire State. A watan Oktoba na 2019 wani ɓangare na shugabanni ya rufe shirye-shiryen tashar ba zato ba tsammani, sai da kotu ta sa baki aka dawo da su. Duk wannan ya faru ne a gidan da masu sauraro ke da ƙuri'a. Darasin da na ɗauka shi ne, ƙuri'a tana amsa tambayar wa zai hau kujera, amma ba ta faɗin abin da aka haramta wa wanda ya hau, ba ta kuma tilasta masa buɗe littafin kuɗi a tsakanin zaɓe da zaɓe.

A nan ne Madina take da abin cewa. Rijiyar Ruma tana nan har yau a birnin, da gonar dabino kewaye da ita. Sayyidina Usman ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, ya saye ta da dukiyarsa a lokacin da ake sayar wa mutane da ruwanta, ya bar wa jama'a, ya zama shi ma in zai sha sai ya zura guga kamar kowa. Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibara a kan ba a sayar da asalinta, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa, amfanin kawai ake rabawa, ya kuma bar kula da ita bayansa a hannun 'yarsa Nana Hafsa. Daga irin waɗannan ayyuka malaman fiƙihu suka fitar da hukunce-hukuncen waƙafi, ko hubusi kamar yadda Malikawa suka fi kiransa, kuma duk wanda ya karanta babin da tunanin gidan rediyo a ransa zai ga kamar don shi aka rubuta.

A ɗauki sharaɗin hauzi, wanda mazhabar Malikiyya, mazhabar ƙasar Hausa, ta tsananta a kansa. Bai isa mutum ya ce ya yi waƙafi ba. Dole abin ya fita daga hannunsa ya shiga hannun waɗanda aka yi dominsu ko wanda zai kula musu. Idan ya ci gaba da riƙe shi har mutuwa ta riske shi ko ya tsiyace, waƙafin ya ɓaci, ya koma cikin gado ko hannun masu bin bashi. Malaman sun san zuciyar ɗan Adam: yana son sunan mai kyauta, yana kuma son mabuɗi ya kwana a aljihunsa. Mafi yawan cutar da ke kashe tashoshin al'umma ke nan. Wanda ya kawo na'ura, ɗan siyasa ne ko ƙungiyar agaji ko basarake, yakan ce tasha ta jama'a ce, amma filin da aka gina ta da sunansa yake, lasisi yana cikin durowarsa, asusun banki sai da sa hannunsa. A ma'aunin Malikiyya wannan kyauta ba ta cika ba. Abu na farko da hukumar ba da lasisi ya kamata ta nema ke nan kafin ta kira wata tasha ta al'umma: takardar fili da lasisi da kayan aiki da asusu duk su kasance da sunan ƙungiyar masu sauraro mai rajista, a kuma rubuta cewa ba a sayar da su, ba a jinginar da su, ba a gadonsu.

Sai matsayin naziri, wato mai kula da waƙafi. Fiƙihu ya ɗauke shi amintacce, ba mai dukiya ba. Yana da ladan aikinsa gwargwadon abin da aka saba, amma ba ya karkatar da amfanin waƙafi zuwa inda ba a nufa ba, ana binsa lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma idan ha'incinsa ya tabbata alƙali na iya tuɓe shi ko ya haɗa shi da wani amintacce. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, wanda aka yi waƙafin dominsa yana da bakin kai ƙara. Ba sai ya jira ranar zaɓe ba, ba sai ya tara rinjaye ba. Haƙƙinsa ne shi kaɗai. Idan aka ɗauko wannan aka ɗora a kan gidan rediyo, ma'anarsa ita ce tsohuwar nan mai ɗari biyar tana da ikon a ba ta rasiɗi, tana kuma da ikon ta ji inda kuɗin ya tafi. Kuma rediyo ya fi kowace irin ƙungiya sauƙin sauke wannan nauyi, tunda makirufo na hannunsa. Rahoton kuɗi da aka buga da Turanci ko Faransanci aka ajiye a ofis, ga jama'ar da galibinsu ba su karanta boko, daidai yake da ɓoye shi. A ware rabin awa a ƙarshen kowane wata, ma'aji ya zauna gaban makirufo ya karanta da Hausa: ga abin da sanarwa ta kawo, ga abin da ƙungiya kaza ta biya domin shiri kaza, ga wanda ya sayi batir, ga bashin da ake bin mu, sannan a buɗe layin waya. Shirin da aka biya kuɗi aka saka kuma a faɗi wanda ya biya, a farkonsa da ƙarshensa. Tashar da ke tsare shugaban ƙaramar hukuma da tambaya a kan kuɗin rijiyar burtsatse, ba ta da hujjar ƙin amsa irin tambayar a kan nata asusun.

Batun wa ake nufi da jama'a shi ma yana bukatar mai raba gardama daga waje. A Afirka ta Kudu, inda dokar 1993 ta amince da tashoshin al'umma, Radio Islam da ke Lenasia kusa da Johannesburg ta fara aiki ba ta barin mata su yi magana a iska. Musulmi ne daga cikin al'ummar suka kai ƙorafi gaban hukumar ba da lasisi a ƙarshen shekarun 1990, lasisin tashar ya shiga haɗari, daga ƙarshe ta buɗe wa mata ƙofa. Da ƙuri'ar waɗanda ke riƙe da tashar aka bi, da ba a canza komai ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A ƙasar Hausa mata, musamman na cikin gida, su ne rediyo ke kwana ya tashi da su, amma babban taron da aka kira a filin makaranta da hantsi maza ne za su cika shi. Nijar ta nuna wata hanya. Tun 2009 hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, take tallafa wa kulob-kulob na sauraro da ake kira Dimitra, inda mata ke zama daban, maza daban, matasa daban, kowa ya tattauna sannan a haɗu gaban mai gari. A ƙauyen Banizumbu, ta wannan hanya mata suka sami hayar filin lambu ta shekara 99. Waɗannan kulob-kulob ba su mulkin tashoshin da suke hulɗa da su, amma babu abin da zai hana a mayar da su mazaɓu: kowane kulob ya turo wakili babban taro, makiyayan ruga su ma da nasu, a kuma keɓe wa mata kujerun da ba a taɓawa a kwamiti.

Ba zan ɓoye raunin wannan ma'auni ba. Waƙafi ba dimokuraɗiyya ba ne. Sharaɗin mai waƙafi yana ɗaure na baya ko da zamani ya canza, alhali al'umma rayayya ce, bukatunta na sauyawa. Alƙalin da ke sa ido kuma mai mulki ne ke naɗa shi, kuma tarihi ya nuna yadda gwamnatoci suka bi ta wannan ƙofa suka haɗiye waƙafai: Masar ta soke waƙafin iyali a 1952, na alheri kuma ya koma ƙarƙashin ma'aikata, a Saudiyya ma hukuma ce ke kula da manyan waƙafai, har da na Sayyidina Usman. Idan aka ce hukumar ba da lasisi ita kaɗai ce alƙalin tashoshin al'umma, an ba kura ajiyar nama. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 mahukuntan Nijar sun dakatar da RFI cikin watan Agusta, suka dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024. Ƙaramar tashar ƙauye ba ta bukatar a aiko mata da takarda kafin ta gane saƙon.

Saboda haka sai a ɗauki ƙashin bayan waƙafi a haɗa shi da abin da Elinor Ostrom, wadda ta sami lambar Nobel a 2009, ta gano a bincikenta kan makiyaya da masunta da manoman rani masu tarayya a dukiya ɗaya: tsarin da ke ɗorewa shi ne wanda masu amfani da dukiyar ke da hannu wajen gyara dokokinta, masu sa ido suna amsa tambaya a gabansu, hukunci yana hawa mataki-mataki, kuma akwai wurin sasanci mai arha a kusa. A gidan rediyo wannan na nufin a raba dokoki gida biyu. Kaɗan daga ciki su zama ba a taɓa su sai da gagarumin rinjaye: ba a sayar da tasha, ba ta zama ta jam'iyya ko ta ɗariƙa ɗaya ko ƙungiya ɗaya, mai riƙe da muƙamin siyasa ba ya zama a kwamiti. Sauran duka babban taro na iya canzawa. Wa'adin kwamiti ya ƙare da kansa ranar da aka rubuta, ko an kira taro ko ba a kira ba, banki ya daina karɓar sa hannunsu. Da haka jinkirta zaɓe zai daina amfanar mai jinkirtawa. Adadi ƙayyadadde na 'yan ƙungiya, wanda bai yi yawan da zai gagara ba, ya iya tilasta kiran taron gaggawa. Binciken littafin kuɗi kuma a ba wakilan wata tashar al'umma daga wani yanki, waɗanda suka san aikin amma ba su cin tuwo a gidan kowa a garin. Hukuma da kotu su zama matakin ƙarshe. Zaɓe yana nan, amma an sauke masa kayan da ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba. Abu ɗaya kuma da ya kamata a kare daga kowa, har da rinjayen masu sauraro: hukuncin edita a kan labarin yau. Jama'a su shata manufa, su tuɓe darakta in ya kauce mata, amma kada a wayi gari ana ƙirga hannu kafin a faɗi cewa an karkatar da takin gwamnati, domin wani lokaci wanda ya karkatar ɗin shi ke da mafi yawan hannaye.

Saura tambayar da zaman Madina ke tilasta wa mutum ya yi. A da, iyakar al'ummar tasha ita ce inda muryarta ta tsaya, 'yan kilomitoci kewaye da eriya. Yanzu tasha na watsa shiri ta Facebook, ana yaɗa sautinta a WhatsApp, ɗan garin da ke Madina ko Kumasi ko Agadas yana ji a lokaci ɗaya da na gida, kuma sau da yawa riyal ɗinsa ne zai sayi batirin da ake nema. Shin ɗan ƙungiya ne? Idan aka bi hanyar Pacifica, inda gudummawa ke ba da ƙuri'a, 'yan ci-rani ƙalilan masu kuɗin waje za su iya rinjayar ƙauye guda, alhali ba su za su kwana da rikicin da wani shiri ya tayar tsakanin manomi da makiyayi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan kuma aka ce su aiko da kuɗi su yi shiru, an mayar da su abin da aka ƙirƙiro tashar don a kawar. Fiƙihun waƙafi ya riga ya raba tsakanin mai bayarwa da wanda aka bayar dominsa, kuma wannan rabon ya dace a nan. Rinjayen ƙuri'a da na kujeru ya zauna a hannun waɗanda ke zaune ƙarƙashin eriya, kuɗin shiga ƙungiya kuma ya zama abin da mai tallan ƙosai za ta iya biya, ko a karɓi mudun gero ko aikin sa-kai a madadinsa. Na waje su sami kujera ɗaya ko biyu da za su cika da zaɓensu, kowace gudummawarsu a karanta ta a iska da adadinta, kuma haƙƙin neman lissafi da kai ƙorafi ya zama nasu cikakke, daidai da na wanda ke zaune a gindin eriyar.